Haruffa huɗu masu neman mazauni

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta a ƙasar nan da niyyar rubuta Hausa ya san inda gizo ke saƙa. Allon madannan da ke cikin ofisoshi da makarantu, wanda ake kira AZERTY saboda haruffa shida na farkon layinsa na sama, an tsara shi ne domin Faransanci. Akwai madanni na é, akwai na è, da na ç, da na à. Hatta ù, wanda kalma ɗaya tak ce ke amfani da shi a Faransancin yau da kullum, wato où, an ba shi mazauninsa dab da ƙaramin yatsan hannun dama. Amma ƙ da ɓ da ɗ da ƴ, waɗanda da wuya a rubuta layi biyu na Hausa ba a ci karo da su ba, ba su da ko gurbin tsugunawa. A ƙetaren iyaka kuma, wajen ƴan uwa na Kangiwa da Argungu da Birnin Kabi, allon QWERTY na Ingilishi ake dannawa, shi ma bai san da zamansu ba.

Mai karatu zai iya cewa ai ƙugiya ƴar ƙaramar aba ce, kowa na gane abin da ake nufi ko babu ita. Malamin da ya taɓa gyara takardun ɗalibai ba zai yarda da wannan magana ba. Ƙugiya ce ke raba ƙasa da kasa, ta raba baƙi da baki, ƙafa da kafa, faɗa da fada, ɓata da bata, ƴaƴa da yaya. Babba wanda ya ƙware da karatu yakan cike giɓin da hankalinsa, amma yaron da ke koyo, in ya ga an rubuta kare alhali ƙare ake nufi, abin da zai ɗauka shi ne rubutun Hausa ba shi da ƙa'ida, kowa yadda ya ga dama yake yi.

Ƙa'ida kuwa akwai ta, an kuma sha wuya kafin a tsayar da ita. A Najeriya ta Arewa an fara amfani da haruffa masu ƙugiya cikin shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939 ta yaɗa su. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako domin daidaita rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma, Hausa na ciki. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1980 masana Nijar da Najeriya suka zauna a Yamai domin kusanto da rubutun ƙasashen biyu, sa'an nan a watan Oktoba na 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙudurin da ya tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa a Nijar. Dokar 2001 ta amince da harsuna goma a matsayin harsunan ƙasa, a watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Duk wannan an yi shi a kan takarda, amma allon da sakatare ke dannawa bai sauya ko da madanni ɗaya ba.

A Dogondutsi akwai wani dattijo da ya yi shekaru masu yawa yana aikin yaƙi da jahilci a ƙauyukan Arewa, daga Matankari zuwa Ɗankasari, daga Kore Mai Ruwa zuwa Tibiri, tun Tibirin na ƙarƙashin Dutsi, kafin a mayar da ita gunduma mai zaman kanta a 2011. A zamanin keken rubutu, in ya gama buga darasi, sai ya ɗauki alƙalami ya bi layi layi yana lanƙwasa kan kowane k da b da d da hannu. A cikin wannan yawo ya cika littattafan rubutu da abin da ya ji daga bakin tsofaffi: sunayen rijiyoyi da na gonaki, jerin sarautu, tatsuniyoyi, da labaran Lugu da Sarauniya Mangu wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Wasu shafukan ma da tsohon salon nan aka rubuta su, lokacin da ake ninka wasali domin nuna tsawonsa. Mafi yawan waɗanda suka ba shi labarin sun riga mu gidan gaskiya.

Ya taɓa sa aka buga masa wani kashi na aikin a kwamfuta wajen farkon shekarun 2000, da irin zubin haruffan nan na musamman da ake yayi a lokacin, wanda akan ɓoye ƙ a bayan wata alama da ba a cika amfani da ita ba. Da aka buɗe fayil ɗin bayan shekaru a wata kwamfutar da ba ta da wannan zubi, sai kowace ƙugiya ta koma alamar da aka aro gurbinta, rubutun ya zama kamar gonar da fari suka ratsa. Ya ƙudura zai sake buga komai da hannunsa. Matsalar ita ce idanu sun fara rauni, wuyan hannu kuma ba ya jure matsuwar da allon ƙaramar kwamfuta ke sa shi, ga shi kowace ƙ sai ya je ya nemo ta a wani jadawali ya kwafo ya liƙa.

Ɗan ƙanwarsa, wanda ke gyaran salula a wata rumfa kusa da babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso ta nufi Kwanni, shi ya kawo shawarar a ƙera masa allo nasa na kansa. Ya ga irinsa a intanet: allo ne rabe biyu, ɓari ɗaya na hannun hagu, ɗaya na dama, kowane mutum ya ajiye shi daidai faɗin kafaɗarsa, hannu ya huta. Ya ɗauki fasalin wanda ake kira Corne, mai madannai 42, wato 21 a kowane ɓari: layi uku masu madannai shida shida, da uku a ƙasa na babban yatsa. Maɓallai da ƴan ƙwaƙwalwa biyu masu suna Pro Micro sai da aka yi odarsu ta hannun wani ɗan kasuwa, suka yi makonni a hanya. Kafinta ya yanka falanki ya huda ramuka. Saurayin ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya yana liƙa wa kowanne diyod da dalma, ya ja wayoyi a tsaye da a kwance kamar saƙar tabarma, ta yadda wayoyi goma kacal, huɗu na kwance da shida na tsaye, suka isa su shaida wa ƴar ƙwaƙwalwar wane madanni aka taɓa cikin ashirin da ɗaya. Wannan duk aikin hannu ne, wanda ya saba da cikin salula ba zai ji wuyarsa ba.

Aikin da ya ci masa kwanaki shi ne na manhajar ciki, wato ƙaramin tsarin umarni da ake ɗura wa ƴar ƙwaƙwalwar domin ta san abin da za ta faɗa wa kwamfuta in an danna madanni. Ya yi amfani da QMK, manhaja ce ta kyauta wadda masu sha'awar irin wannan ƙira a duniya suka haɗu suna ginawa. Mutum yakan rubuta jadawalin madannansa a wani fayil mai suna keymap.c, ya sa kwamfuta ta sarrafa shi, sa'an nan ya haɗa ƙafafu biyu na Pro Micro, RST da GND, sau biyu da sauri. Daga nan yana da daƙiƙa takwas ya tura manhajar kafin ƙofa ta rufe. Tun da ɓari biyu ne, kowanne da ƙwaƙwalwarsa, sai an ɗura wa kowanne, a kuma sanar da su wanne ne hagu wanne ne dama. A gwajin farko an manta da wannan, ɓarin dama ya ɗauka shi ne hagu, haruffa suka fito a birkice. Akwai kuma doka guda da saurayin ya rubuta a takarda ya liƙa jikin falankin domin kawunsa: kada a zare wayar da ta haɗa ɓarin biyu muddin allon na jone da kwamfuta, domin hakan na iya ƙona ƙwaƙwalwar.

A nan ne saurayin ya gano abin da mafi yawan masu danna kwamfuta ba su sani ba, wato allon madannai bai san harafi ba ko ɗaya. Abin da yake aikawa ta wayar USB lambar gurbi ce kawai, kamar ya ce an taɓa madanni na kaza a layi na kaza. Kwamfuta ce ke duba jadawalinta ta fassara. Gurbin da kwamfutar Ba'amurke za ta karanta q, shi ne ta Bafaranshe za ta karanta a. Ke nan babu wata lambar gurbi da ke nufin ƙ, domin waɗanda suka tsara jerin ba su tanade ta ba. Hanyar da QMK ke bi ita ce ta buga lambar harafin ta Unicode, babban kundin nan da ya ba kowane harafi na duniya lamba tasa, wanda haruffan Hausa ke ciki tun farkon shekarun 1990: ƙ ita ce 0199, Ƙ 0198, ɓ 0253, Ɓ 0181, ɗ 0257, Ɗ 018A, ƴ 01B4, Ƴ 01B3. In an danna madanni ɗaya, allon ya buga lambar nan da saurin da ido ba ya gani, kwamfuta ta mayar da ita harafi.

Ya shigar da lambobin, ya ɗura, ya kira kawunsa ya zo ya ga abin mamaki. Dattijo ya danna inda aka ce masa ƙ take, sai ga tarkace irin à&çç a kan allo. Ya gyara zaman tabarau ya ce, "Kai ɗana, wanga abu naka ya iya Faransanci tun ba a sa shi lakwal ba." Dalili kuwa shi ne a AZERTY layin lambobi ba ya ba da lamba sai an haɗa da madannin manyan haruffa; in ba haka ba sifili à ne, ɗaya & ne, tara kuma ç. Manhajar ta ɗauka da kwamfutar Amurka take magana. Maganin yana cikin QMK ɗin kanta, wasu fayiloli ne biyu, keymap_french.h da sendstring_french.h, waɗanda ke sanar da ita cewa mai masaukinta Bafaranshe ne. Wato sai da allon ya fara koyon yadda ake gaisawa da Faransanci kafin a ba shi damar furta Hausa.

Bayan wannan sai ɗ ta riƙa fitowa da ƙugiya a ƙasa maimakon a sama. Saurayin bai ga bambanci ba, amma idon da ya shekara yana lanƙwasa d da alƙalami ya gani nan take. An rubuta 0256 ne a gurbin 0257, ita kuwa 0256 ita ce ɖ ta harshen Ewe na Togo da Gana. Ya kamata malamai su riƙe wannan, domin irin wannan kuskure na shiga takardu da yawa ta hanyar kwafowa daga jadawali, kuma in ya shiga, duk wanda ya nemi kalmar ɗaki a cikin fayil ba zai same ta ba, alhali tana nan yana kallonta.

Da aka shawo kan na'ura, sai aka zo tambayar da na'ura ba ta da amsarta: a ina za a zaunar da haruffan huɗu? Saurayin ya ce abin mai sauƙi ne, tun da abacadar Hausa ba ta da p da q da v da x, a kore su a ba masu ƙugiya gurabensu. Dattijo ya ce, "To in na tashi rubuta ma hukuma takarda hwa? Da mi zan rubuta que da vous?" Mutumin Nijar mai ilimin boko da harshe biyu yake rayuwa, allon da zai yi masa amfani dole ya ɗauki biyun. QMK na da abin da ake kira hawa, wato jadawali a kan jadawali, madanni ɗaya ya ɗauki ma'ana dabam dabam gwargwadon hawan da ake kai. Suka yi hawan Hausa, inda ƙ ta zauna gurbin q, ɓ gurbin v, ɗ gurbin x, ƴ gurbin p, suka yi hawan Faransanci da ke barin komai yadda aka saba, suka sa madannin babban yatsan hagu ya zama ƙofar da ake bi daga wannan zuwa wancan. An kuma haɗa kowane ƙaramin harafi da babbansa da hannu, domin kamar yadda lambobin suka nuna, ɓ da Ɓ ba maƙwabta ba ne a kundin Unicode, haka ɗ da Ɗ.

Muhawarar da ta fi tsawo ta faɗa kan harafi na huɗu. A Najeriya an saba rubuta 'y, wato y da ɗan waƙafi a gabanta, a Nijar kuwa ƙa'idar 1999 ƴ ta tsayar. Saurayin, wanda yawancin Hausar da yake karantawa a salula daga Kano da Kaduna take fitowa, ya fi sabawa da ta farko, ya ce, "Kawu, in kana son mutanen can su karanta, ka bi tasu." Dattijo ya ƙi. Hujjarsa ita ce yaran da yake yi wa wannan aiki a makarantun Nijar suke, abin da malaminsu ya rubuta musu a allon aji shi ya kamata su tarar a littafi, Bakano kuma in ya ga ƴ ba zai kasa karanta ta ba. Amma da aka zo kan lafazin Arewa, sai hujjar nan tasa ta juyo kansa. Mutanen Arewa ba sa furta tsi na dutsi yadda Bakano ke yi, nasu ya fi kusa da ci mai ƙarfi, abin da kunnen Bafaranshe ya ji ke nan ya rubuta Doutchi. Dattijo ya so a ba wannan sauti madanni. Saurayin ya tambaye shi wane harafi za a sa, tun da ƙa'ida ba ta ba da ko ɗaya ba. Ya yi shiru wani lokaci, sa'an nan ya yanke cewa zai rubuta bayaninsa da daidaitacciyar Hausa, maganar tsofaffi kuwa ya bar musu sunka da munka da wanga yadda suka faɗa, ya yi bayanin lafazin a gabatarwa. Duk wanda ya ƙirƙiro harafi shi kaɗai a ɗakinsa, shi kaɗai zai iya karanta shi.

Akwai iyaka guda da ya kamata a faɗa, kada mai karatu ya ɗauka an sami maganin kowace cuta. Wannan allo ba ya aiki shi kaɗai. Kafin kwamfuta mai Windows ta karɓi lambobin da yake bugawa, sai da aka sa mata wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna WinCompose. Ranar da aka kai shi wani shagon buga takardu aka jona, hawan Faransanci ya yi aiki lafiya lau, hawan Hausa ya koma zubar da tarkace. Bugu da ƙari, kuɗin da aka kashe a kansa ya fi na allon kasuwa nesa ba kusa ba, kuma ba kowane gari ke da saurayi mai haƙurin liƙa diyod 42 ba. Ga makaranta ko ƙungiya, hanya mafi sauƙi tana nan a buɗe ba tare da dalma ba: Windows na da tsarin madannai na Hausa da ake iya kunnawa, akwai Keyman ta ƙungiyar SIL wadda ake samu kyauta, a salula kuma Gboard na da Hausa da haruffanta masu ƙugiya. Da yawa cikin malamai na ɗauke da su a aljihu ba su taɓa kunnawa ba.

Amfanin labarin wannan allo shi ne ya fito da abin da ke ɓoye. Zaman é a gurbinsa, da rashin ƙ, shawara ce da wasu mutane suka yanke a wani wuri domin bukatar harshensu, kuma shawara ana iya sake ta. Wani saurayi da bai wuce sakandare ba ya sake ta a rumfar gyaran salula, amma ya sake ta ne wa mutum ɗaya. In kowane mai himma ya zaunar da ƙ inda ya ga dama, yaron da ya koyi bugu a Matankari zai zama baƙo in ya zauna gaban kwamfuta a Tibiri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya rage aikin malamai ne da ƙungiyoyin raya al'adu da hukumomin da ke tsara manhajar karatu irin su INDRAP: su zauna su amince da tsari guda na Hausa a kan AZERTY, wanda ba ya korar Faransanci, mai ƴ kamar yadda ƙa'idar ƙasa ta ce, a sa shi a kowace kwamfuta ta makaranta da ta ofishin magajin gari, a koya wa ɗalibai shi tun ranar da suka fara taɓa madanni. Haka kuma duk wata ƙungiya da ke da tsofaffin fayilolin da aka buga da zubin haruffa na musamman, ya dace ta mayar da su Unicode tun ana samun wanda ya san wace alama ce ke tsaye a madadin wane harafi.

Shi kuwa dattijo, sati biyu na farko sun yi masa wuya, domin yatsun da suka saba da keken rubutu sai su miƙa neman b a ɓarin da ba ta nan. A hankali suka saba. Yakan zauna bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, ɓari ɗaya a kowane gefen littafin da yake kwafa, littafin a tsakiya inda ido ke ganinsa ba sai an juya wuya ba, wata fa'ida da ba wanda ya yi tunaninta lokacin ƙira. Ya gama littafin sunayen rijiyoyi, ya shiga na tatsuniyoyi. Duk ƙarshen mako ɗan ƙanwarsa na zuwa ya kwafe abin da aka buga a wuri biyu, ɗaya ya bar masa, ɗaya ya kai wa wani malamin Hausa na sakandare da ya ɗauki alkawarin dubawa da karanta wa ɗalibansa.